Dikin da Ya Fita ta Taga

Akwai wani mutum a wani ƙauye, tsohon soja, ana ce da shi Kofur Jatau. Su biyu ubansu ya haifa, shi da wansa Barau. Sa'ad da Jatau ya tafi yaƙi, Barau ne ya noma masa gona, ya ciyar da matarsa da 'ya'yansa, bai taɓa yi masa gori ba. Jatau ya komo da ɗingishi a ƙafar hagu da kuma bangaskiya ga Yesu. Barau kuwa ya tsaya kan al'adar ubansu.

Kowace kaka sai Jatau ya je ya durƙusa ya ce, "Yaya, bana dai ka zo mu gode wa Allah tare."

Barau ya ce, "Auta, je ka gode mana gaba ɗaya."

Haka suka yi ta yi har furfura ta rufe su.

Ana nan, ikkilisiya ta naɗa Jatau dikin, wato mai hidima a majami'a, ta ba shi tsaron ƙofa. Kai, jama'a sun ga ta kansu! Kofur ya mai da majami'a bariki. Ƙararrawa na yin shiru, sai ya danna sakata, ba mai zarewa sai an ce Amin. Ya taɓa barin mai unguwa a rana. Matarsa Rifkatu ma, da ta makara garin ɗumama masa tuwo, a gindin darbejiya ta yi sujadarta. Yana buga ƙirji yana cewa, "Wanda ya makara fareti ya makara, ko ɗan wane ne!"

Ranar godiyar kaka ta zo. Majami'a ta cika maƙil. Dammunan dawa da kabewa da awaki sun toshe hanyar tsakiya, zumuntar mata na ta rawa. Kofur ya kulle ƙofarsa, ya kutsa can gaba yana jera kaya. Da ya ɗaga kai ta taga, sai ga wani tsoho da sanda da sabuwar riga, ya nufo ƙofa a hankali. Barau ne. Ya tura ƙofa, ya ji ta gam. Ya ɗan tsaya, sa'an nan ya juya.

 Jatau ya san wansa sarai, mutum ne da ba ya taɓa ƙofa sau biyu. In ya kai gida yau, shi ke nan. Ga hanya a toshe. Sai kawai tsohon sojan nan ya tattare rigarsa, ya haye benci, ya yi tsalle ta taga kamar saurayi, ya dira cikin tumatirin fasto. Da ɗingishin da komai ya runtuma.

"Yaya! Yaya, tsaya!"

Barau ya waiwayo. "Auta, shekara da shekaru kana kirana, ashe ƙofa ka kira ni in gani?"

Jatau ya kama hannunsa, yana haki. "Allah bai kulle ba, Yaya. Ni na kulle."

Ya jawo shi suka komo. To, ga ƙofa a kulle ta ciki, ga mai ƙofar a waje. Kofur ya ƙwanƙwasa. Rifkatu ce ke kusa da sakata.

"Wane ne?"

"Ni ne. Buɗe."

"Kai wa? Maigidana dai ba ya makara."

Dariya ta ɓarke a ciki. Kofur ya dubi wansa, ya haɗiye girman kansa, ya ƙame kamar a gaban hafsa, ya ɗaga murya: "Jama'a, na yi kuskure! Dokar nan ta mutu yau. Ku yi wa Allah ku buɗe mana."

Barau ya yi dariya har ya jingina da sandarsa. Ya ce, "Rifkatu, ni ki buɗe mini. Shi kuwa bar shi ya ɗan sha rana."

Da ta ji muryar yayan mijinta, sai ta zare sakata da sauri ta durƙusa. Mata suka rangaɗa guɗa, ganga ta ɗauka, aka shigo da tsofaffin biyu hannu cikin hannu.

Ga ma'anar misalin, ku buɗe kunne. Majami'ar nan mulkin Allah ce. Barau shi ne ɗan'uwanka da ka daɗe kana yi wa addu'a. Sakatar kuwa ita ce dokokin da muke ƙirƙira da kanmu don a ce mun fi kowa kirki: wannan bai zo da wuri ba, wancan bai iya waƙa ba, wance ta taɓa yi mini laifi. Allah bai ajiye mu a bakin ƙofarsa don mu tantance masu shiga ba. Tsari abu ne mai kyau, amma rai ya fi shi. Saboda haka, ranar da ka hangi naka ya juya zai tafi, kada ka tsaya tunanin wa zai yi maka dariya. Bi shi da gudu, ka ce, "Ni na kulle."