Tsohon Ƙullun da Aka Hana Maƙwabciya

Akwai wata mace mai toya waina a bakin kasuwa. Ba ta gaji gona ko akuya daga uwarta ba, sai 'yar tukunyar tsohon ƙullu. Kowace yamma takan ɗebi kaɗan ta zuba a sabon ƙullu, kafin safiya ya tashi har bakin ƙwarya. Sa'an nan ta mayar wa tukunyar da tafin garin shinkafa da ruwa. Wainar nan kuwa, ko mai rowa sai ya kwance bakin aljihu.

'Ya'yana, cikin ƙullun nan akwai waɗansu 'yan halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita. Kowanne ƙwaya ɗaya ne tak, ba baki, ba ciki. Ta fatar jikinsa yake tsotsar zaƙin gari, in ya ƙoshi sai ya rabu biyu, biyun su zama huɗu. Iskar da suke fitarwa ce ke tayar da ƙullu.

Wata rana maƙwabciyarta, gwauruwa mai ƙananan yara, ta zo ta durƙusa ta ce, "Inna, ki sam mini ko cokali guda, ni ma in fara sana'a."

Matar ta ce ai ɗan abin ko ita ba ya isarta. Ƙarya ce, tsoro take kada masu saye su koma can. Daga ranar ma ta riƙa ɓoye tukunyar a ƙarƙashin gado.

Da bazara ciwo ya kwantar da ita, ɗanta ya ɗauke ta zuwa birni jinya, aka kulle ɗakin. Ba wanda ya ciyar da ƙullun. Da ta dawo ta tarar ya bushe ƙayau, ya yi baƙi. Ta zuba gari, ta zuba ruwa, shiru. Abin da uwarta ta raya tun tana goye ya mutu a hannunta, ta zauna ta yi kuka mai zafi.

Maƙwabciyar ta shigo gaishe ta, ta dubi tukunyar, ta ce a hankali, "Ayya Inna, da kin ba ni ran nan, da yau na cika miki ƙwarya."

Ma'anar wannan misali ita ce: tsohon ƙullun nan bangaskiyar da iyayenmu suka bar mana ce. Abu ne mai rai, yana bukatar abincinsa kullum, wato addu'a da Maganar Allah, kuma rabawa ba ta rage shi. Ina baƙin cikin faɗa muku, da yawanmu mun tura tamu ƙarƙashin gado. Ran da taka ta yi sanyi, a gidan wa za ka je ka ɗebo, in ba ka taɓa ba kowa ba?