Na Goma

An ce wani sarki ya ga talakawansa suna jinya babu magani, tausayi ya kama shi, ya sa Waziri ya rubuta doka: duk maigidan da ke da ma'aikata goma, maganinsu da na iyalinsu yana wuyansa. Aka yi shela, gari ya ɗauki guɗa.

Wani tsohon marini, Jatau, ya fi kowa murna, don matarsa Tabawa ta yi wata uku tana tari. Washegari ya isa marina, wakilin maigida ya tare shi ya ce, "Baba, kai ne na goma. Je ka huta." Ai kuwa kafin Juma'a, daga masaƙa har majema, kowa tara ya iya ƙirgawa!

Ran Jatau ya ɓaci, ya nufi fada ya faɗi ya yi gaisuwa.

Sarki ya ce, "Kai ne wa?"

Ya ce, "Ya sarki, dā Jatau nake, yanzu Na Goma."

"Yaya ka ga dokata?"

"Allah ya ja zamaninka, tana da ƙarfi. Dā gidana akwai tuwo akwai tari. Ta kori tuwon, tarin ne dai bai ji shela ba."

"Sauran taran fa?"

"Ba su cika goma ba, sai haƙuri."

Waziri ya yi caraf ya ce, "Ya sarki, doka ba ta ce a kori kowa ba. Aikin marasa imani ne."

Sarki ya ce, "Wane marar imani ne ya kore ka, tsoho?"

Jatau ya dubi hannuwansa da shuni ya cinye, ya ce, "Ba ya zuwa marinarsa, amma ni na rina rawaninsa. Ga shi nan a damanka."

Gumi ya keto wa Waziri har shuni ya gangaro masa goshi. Sarki kuwa kunya ta rufe shi, domin hatiminsa ne a kan takardar. Nan take ya sa a goge lambar goman daga dokar, kowane maigida ya zuba kuɗin magani gwargwadon mutanensa, baitulmali ya cika sauran. Ya umarci Waziri ya mayar da Jatau bakin aiki, ya kai wa Tabawa magani da ƙafarsa.

Sannan ya ce, "Adalcin da ya tsaya a tara, zalunci ne ga na goma."