Daron Yashi a Gindin Rumbu

Akwai wani mutum manomi, mai rumbu ɗaya da 'yan awaki, wanda ƙauyensu duka ya san shi da iya kyafa nama. Sunan da aka yi masa baftisma da shi ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane, kowa Baban Keziya yake ce masa. In ya kyafa cinyar akuya, ƙamshin yakan tsallake katanga ya je ya hana maƙwabta jin daɗin tuwonsu. A wurin ubansa ya koyi aikin, tsohon kuwa bai bar masa gadon komai ba sai magana: a hura wuta nesa da rumbu, kada a ba ta baya, a kuma ajiye daron yashi inda hannu zai kai. Shekara da shekaru yana bin wannan magana, har daron ya yi tsatsa, yashin cikinsa bai taɓa yin amfani ba.

Wata shekara bayan girbi, dawa ta cika rumbu har wuya, sai surukinsa Filibus, mijin Keziya, ya zo daga birni da kyauta. Wani baƙin akwatin ƙarfe ne mai ƙofa irin ta firji. A ciki akwai raga hawa-hawa ta shimfiɗa nama. A ƙasa akwai lanƙwasasshen ƙarfe da lantarki ke gasawa, a kansa ake ɗora 'yan guntayen itace su yi hayaƙi, can ƙarƙashi kuma faranti ne mai tarar kitsen da ke ɗiga.

Filibus ya durƙusa ya ce, "Baba, hayaƙin murhu ya isa haka da idanunku. Wannan ba ya bukatar fifita. Sai dai a kafa shi a fili, nesa da ciyawa, da waya mai kauri. Duk ran da aka yi aiki a wanke farantin kitse. In an ɗauke wuta a zare shi daga bango, don ba a san sa'ad da za a maido ba. In kuma, Allah ya kiyaye, ya kama daga ciki, kada a buɗe ƙofa, kada a zuba ruwa."

Baban Keziya ya yi ta gyaɗa kai yana sa albarka, amma idonsa yana kan ƙyallin akwatin, maganar kuwa ta bi ta bayan kunne. A ransa cewa yake, mutumin da ya yi furfura a gaban garwashi, yaro ne zai koya masa zama da abin da ko harshen wuta ba shi da shi?

Ranar farko ya cika itace maƙil, ya toshe kafar hayaƙin da ke sama, wai kada ƙamshi ya tsere. Naman ya fito baƙi ƙirin, ga ɗaci kamar maɗaci. Ya jefa wa karensa yanka guda, kare ya sansana, ya dube shi, ya koma inuwa ya kwanta. Matarsa, Maman Keziya, ta yi dariya har da riƙe ciki. Karo na biyu ɗoki ya hana shi zama, yana ta buɗe ƙofa yana leƙe, zafi yana ficewa, naman ya yi kyau a ido, ciki kuwa ɗanye sharaf. Waɗannan kurakurai ya gyara su da sauri, gama harshe ya kai masa ƙara nan take. Ya rage itace, ya bar wa hayaƙi hanya, ya koyi haƙuri, nama ya fara fitowa ja mai laushi, har ya fi na da.

Amma akwai kurakuran da harshe ba ya ɗanɗanawa. Ya kafa akwatin a ƙarƙashin rumfar zana da ke jingine da rumbu, don nan ne inuwa, nan ne kuma kusa da tagar ɗaki. Ya jawo masa wata siririyar waya, tsohuwar ta rediyo, wadda aka ɗaure mahaɗinta da leda. Farantin kitse kuwa, yau ne gobe ne, har kitse ya daskare a kan kitse.

Wata safiya ya yi tuntuɓe da daron yashi. Bai ma tambayi yadda daron ya baro wurin tsohon murhu ya dawo gindin rumfa ba. Ya ce, "Wannan kam zamaninsa ya wuce." Ya sunkuya zai kifar, sai ya ga kaza a ciki, ta baza fukafukai a kan ƙwai.

Maman Keziya ta leƙo daga madafa ta ce, "A'a, Baban Keziya, ka bar mini kazata, kwanci take yi. In ta ƙyanƙyashe ka zubar da yashinka."

Ya yi tsaki, ya bar daron inda yake.

Ana nan sai Godiyar Kaka ta zo, ranar da kowane gida ke kai amfanin gona gaban Ubangiji, a ci a sha tare. Dattawan ikilisiya suka yanka rago mai ƙiba, suka ce ba mai kyafa shi sai Baban Keziya. Ran Asabar da hantsi ya jera naman, kitse yana ta ɗiga, ƙamshi ya cika gida. Da rana ta take sai aka ɗauke wuta. Ya taɓa akwatin, ya ji yana hucewa. Da garwashi ne a gabansa, ko wa ya aiko ba zai tashi ba, amma wannan a ganinsa ya mutu murus. Ya bar waya a bango, ya sa hula, ya tafi majami'a taya maza jera dammunan dawa a gaban bagade. Matarsa ma tana can, zumuntar mata suna koyon waƙar gobe.

An daɗe ana aiki ana raha. Can maƙwabcinsa Habila ya share gumi ya ce, "Kai, fankar nan ta cece mu. Tun ɗazu da aka kawo wuta nake gode wa Allah."

Baban Keziya ya ɗaga ido, ya ga fanka tana juyawa. Sai ya tuna ya bar waya a bango. Maganar Filibus da ya yar, duk ta dawo masa gaba ɗaya. Ya saki damin da ke hannunsa ya ruga, mutane suka biyo shi ba su san dalili ba. Dattijo ne mai ciwon gwiwa, amma ran nan samari ba su cim masa ba.

Tun daga bakin hanya ya hango hayaƙi baƙi mai kauri yana tashi daga gidansa. Tsohon kitse ya kama a cikin akwati, ya malalo ta ƙasa yana ci. Wayar ta narke tana tartsatsi, harshen wuta ya fara lasar gindin zana, zanar kuwa tana shafar jinkar rumbu. Abincin gidansa na shekara da irin shukar baɗi duk suna ciki. Tsoro ya kama shi ƙwarai. Ya ce, "Ya Ubangiji, ka taimake ni!" Sai hankalinsa ya dawo jikinsa.

Habila ya ɗebo ruwa a bokiti ya taho a guje. Baban Keziya ya tare shi da ƙirji ya ce, "Kada ka zuba! Kitse ne, ruwa zai watsa shi har kan jinka, ga kuma lantarki. Maza je ka sauke babban makunni, yana bayan ƙofar zaure!"

Habila ya dire bokiti ya ruga, tartsatsin ya tsaya. Wani dattijo ya miƙa hannu zai buɗe akwatin ya ceci naman ikilisiya. Baban Keziya ya ce, "Bar shi a rufe, ɗan'uwa! In wutar ta sami iska ta gagare mu. Gara nama ya ƙone, rumbu ya tsira." Ya ɗauki murfin tukunya ya kife a kan kafar hayaƙi.

Saura wutar da ke ci a ƙasa. Ya waiwaya yana neman abin da zai rufe ta da shi, tsakar gida kuwa daɓe ne mai tauri, ko farce ba ya shiga. Sai ya ji muryar matarsa tana cewa, "Ga daro!" Kaza ta riga ta tsere tana kyarkyara, ita kuma ta kwashe ƙwai a haɓar zaninta. Ya sunkuci daron nan da ya raina, ya yi ta watsa yashi a kan kitse da gindin zana. Maza suka fizge zanar suka ja ta tsakar gida suka tattake. Wuta ta yi ƙasa, ta koma hayaƙi, ta mutu. Ko kara ɗaya na jinkar rumbu bai ƙone ba.

Mata suka rangaɗa guɗa. Waƙar godiyar da ake tanadi domin gobe ta ɓarke nan a tsakar gida, ana tafi ana taka rawa a kan yashi da toka. Baban Keziya ya rungume rumbunsa yana dariya, hawaye suna zuba. Rabin naman ya zama gawayi, amma ya yanka bunsurunsa da farin ciki ya cike gurbin, ya kyafa shi a tsohon murhu yana zaune a gabansa. Kashegari kowa ya ci ya ƙoshi. Daga baya, da Filibus ya gyara akwatin, a fili aka kafa shi da waya mai kauri, faranti yana ƙyalli, daro a gefensa cike da sabon yashi.

Da maraicen ranar gobarar, Baban Keziya ya dubi kaza ta koma kan ƙwanta, ya ce, "Kazar nan ba za ta ga wuƙa ba a gidan nan. Allah ne ya kai ta cikin daron."

Matarsa ta ce, "Allah ne, ba shakka, amma ni ya aika. Ran da na ga ka kafa akwati jikin rumbu, ni na jawo daron, na zuba ƙwai, na ɗora ta. Na san da baki ba za ka ji ni ba, amma ba za ka iya tayar da kaza daga kwanci ba."

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Rumbun nan shi ne abin da Allah ya tara maka da alherinsa: bangaskiyarka, zaman gidanka, sunanka mai kyau. Akwatin ba mugun abu ba ne, kyauta ce ta ƙauna. Abin da ya kusa cinye mutumin nan shi ne ya daina tsoron wuta don bai ga harshenta ba. Haka muke. Zunubi mai tashi sama kowa ya gani, muna gudunsa. Kuskuren da ya kunyata mu a gaban mutane, nan da nan mun gyara. Amma ƙyashi, da 'yar ƙaramar ƙarya, da fushin da aka kwana da shi aka tashi da shi, waɗannan ɗiga suke a hankali can ƙasa inda ba mai leƙawa, muna cewa gobe ma wanke.

Wani kuma yakan ce, "Ai halin nan ya mutu a jikina, na daɗe ban yi ba." Ka tabbata ya mutu, ko ɗauke wuta aka yi? In ba ka raba kanka da hanyar da yake shigowa ba, zai dawo ran da ba ka gida. In kuwa ta riga ta kama, kada ka zuba zafin rai a kan zafin rai. Ka datse tushen, ka rufe bakinka, ka yarda ka rasa ƙaramin abu domin babban ya tsira.

Daron yashi shi ne addu'a da Maganar Allah da iyaye suka sa a hannunka. Sai ka yi shekaru kana ganin kamar nauyi ne kawai, har ran da ba abin da zai cece ka sai shi. Kuma da yawa a cikinmu muna tsaye yau ne domin wata uwa, ko mata, ko aboki, ya jawo mana daron kusa sa'ad da muke shirin kifar da shi. Ka san naka, ka gode masa tun yana da rai.

Amma ku yi murna! Mutumin nan ya yi kuskure a kan kuskure, duk da haka bai rasa ƙwayar dawa ɗaya ba, domin da ya tuna bai tsaya jin kunya ba, ya ruga, ya yi kira ga Ubangiji, ya bi maganar da ya yar. In kunne ya ji, jiki ya tsira. In yanzu kana zaune a nan ka tuna da wata waya da ka bari a bango, rumbunka yana nan tsaye tukuna. Tashi ka ruga.