Ranar da Goran Bube Ya Yi Yawo Shi Kaɗai

Akwai wani manomi a Kebbe, zamanin Turawa, ana ce masa Na'Allah. Har yau akwai masu kiran zuriyarsa "gidan Na-ƙyashi". Ku karanta har ƙarshe, sannan ku faɗi ko ya cancanci wannan suna.

Shi da abokansa manoma ne, kamun kifi ba sana'arsu ba ce. Amma duk kaka, in an gama yankan gero, ruwa ya fara janyewa daga fadama, sai su ɗauki homa, wato ragar kamun kifi, da gora su nufi wani tafki tsakanin Kebbe da Tambuwal. Can suke kafa bukka, su yi kwanaki suna kamun kifi, suna banda, suna tsokanar juna. Babbansu wani dattijo ne, Attahiru.

Suna da doka guda da ba a karyawa: ba mai shiga ruwa sai da abokin gora. Kai ka ɗaura ganyen kaba a wuyan goransa, shi ma ya ɗaura a naka. Mutum kan kwanta bisa gora ya yi iyo, in ya nutsa da homarsa sai goran ya rage a sama. To, in ka ga goran abokinka yana yawo, mai shi bai taso ba, ko me ke cikin homarka saki za ka yi ka bi shi.

Abokin goran Na'Allah shi ne Bube, taubashinsa, ɗan Goggo ƙanwar mahaifinsa. Kullum suna cikin wasa.

"Na'Allah, kifin da kak kamo jiya, kyanwa ta shinshina ta yi maka jaje," in ji Bube.

"Awo. Kai kuwa da baki kaka kamun naka. Da ana bandar surutu, da tuni mun cika rumbu."

Sai a kwashe da dariya, a miƙa ƙwaryar fura.

Wata shekara wani Bature mai rangadi ya biyo ta bakin tafkin da tafintansa da akwatin ɗaukar hoto. Tafinta ya ce wanda ya fito da kifi mafi girma za a ɗauke shi hoto. Kafin ka ce kwabo, mutanen ƙauyukan kusa sun cika gaɓa.

Bube ya miƙe sai wuri mafi zurfi, inda kututturen wata tsohuwar bishiya yake kwance a ƙarƙashin ruwa. Na'Allah na biye da shi.

Can sai Na'Allah ya ji wani abu ya daki homarsa, har ya kusa fizge shi daga kan gora. Giwan ruwa ne, irin wanda bai taɓa riƙewa ba tun da yake. Ya ɗago kai zai kira Bube ya taimake shi, sai ya ga goran Bube yana juyawa shi kaɗai, ganyen kaba na kaɗawa.

Ya ɗan jira. Shiru.

Ya saki homa da kifin cikinta, ya nutsa. Ruwan duhu ne, da lalube ya kama hannun Bube. Ya ja, ya ji a ɗaure yake. Igiyar wani tsohon tarun kamun kifi ce ta naɗe masa idon sawu, ta sarƙe a kututturen. Na'Allah ya zaro wuƙar da ke ƙugunsa ya yanke, ya jawo shi sama.

A gaɓa Bube ya yi ta aman ruwa, ƙafafunsa sun yi baƙi da laka har gwiwa. Wasu 'yan kallo suka fara dariya. Bature ya sa tafinta ya tambaya me ya faru.

Bube ya dubi taron. Ya ja mayafi ya rufe ƙafafunsa.

"Ni nutsewa? Giwan ruwa nika riƙe da shi a ƙasa, wanga mutum yaj jawo ni don kada a ɗauke ni hoto. Ƙyashi ne!"

Na'Allah ya zaci wasan taubasai ne, ya tsaya jiran Bube ya fashe da dariya. Bube bai yi ba.

"Bube, igiyar fa?"

"Wace igiya? Babu wata igiya."

"Ni ma fa giwan ruwa nas saki dominka."

Nan taro ya ɓarke da shewa. Wani ya ce, "Ashe yau kowa da giwanshi, amma ba mu ga ko 'yar tarwaɗa ba!"

An san Bube da dogon numfashi, ba kamarsa a cikinsu. Ba wanda ya nutsa ya duba igiyar. Ba wanda ya ce ya buɗe ƙafa a gani. Haka Attahiru ya yanke cewa baɗi Na'Allah ba zai shiga ruwa ba, zai zauna gaɓa yana banda. Bube kuwa ya ɗaga murya kowa ya ji: "Daga yau duk wanda yas sake taɓa ni cikin ruwa, ban yafe ba."

Kafin su isa gida, labari ya riga su. Na'Allah ya zama Na-ƙyashi a kasuwa da majalisa. Bube ya soma ɗaura wata faffaɗar layar fata a idon sawu, ya ce maganin sammun masu hassada ce.

Da kaka ta zagayo, Na'Allah bai ƙi tafiya ba. Wani daga cikinsu, Jumare, shi ya ɗaura kaba a goran Bube. Na'Allah ya ja shi gefe.

"Jumare, don girman Allah ka sa ido. Guntu kawai niy yanke, sauran igiyar na nan gindin kututturen."

"Kai dai juya kifinka kada ya ƙone," in ji Jumare. "Igiyar nan cikin ranka take."

Na'Allah ya koma bakin wuta. Hannunsa na juya tarwaɗa, idonsa na kan ruwa. Ya ga Bube ya nufi wurin nan dai na bara, don mutumin da ya rantse babu igiya ba shi da hujjar kauce wa wurin. Ya ga ya nutsa. Ya ga goran ya fara juyawa.

"Jumare! Bai taso ba!"

"Ƙyale shi, mun san numfashinshi!"

"Baba Attahiru, ku bi shi!"

"Ka ji abin da yac ce bara," in ji Attahiru. "Kada ka sake jawo mana fitina."

Mazaje cike da tafki, kowa na kallon goran, kowa na jira. Jumare, abokin gora, na kusa da goran, ganyen kabar da ya ɗaura da hannunsa na kaɗawa a gabansa, bai motsa ba!

Na'Allah ya watsar da kifi ya faɗa ruwa da rigarsa. Amma daga gaɓa zuwa kututturen da nisa. Ya isa, ya nutsa, ya yanke igiyar. Wannan karon hannun da ya kama bai kama nasa ba.

Suka shimfiɗe Bube a gaɓa. Suka danna ciki, suka kira sunansa. Rai ya riga ya yi halinsa.

Jumare ne ya durƙusa zai kwance guntun igiyar daga ƙafarsa. Igiyar ta ture layar fata sama. A ƙarƙashinta sai ga wani tsohon tabo, ya warke ya yi fari, ya zagaye idon sawun kamar an ɗaura zare.

Attahiru ya zube zaune cikin laka, yana ta salati. Jumare ya ɗora hannu a ka.

"Na'Allah, mun cuce ka," in ji Attahiru da ƙyar. "Wallahi yau a bakin kasuwa zan faɗi abin da munka gani."

Na'Allah ya jawo layar ya mayar da ita kan tabon.

"A'a, Baba. Goggo ɗa guda gare ta. Ta ji ya mutu, ya ishe ta. Kada ku ƙara mata da cewa ƙarya tak kashe shi."

Suka yi masa alkawari, suka riƙe. Gari ya ci gaba da kiransa Na-ƙyashi, wasu ma suka ce bakinsa ne ya kama Bube. Duk kaka yakan ɗauki rabon Bube na bandar kifi ya kai wa Goggo. Takan karɓa, ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Na'Allah, mi ɗan'uwanka yay yi maka kah hana mishi hoto?"

Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Bai yi min komi ba, Goggo. Ki sa mishi albarka."

Jumare ne ya tona maganar a tsufansa, a gaban mutane, ina sabon malamin makaranta ina zaune a wurin. Aka yi salati, aka watse, washegari aka koma kiran sunan kamar ba a ji ba. Wannan zalunci ne, kuma ba zan kira shi da wani suna ba. Goggo ta daɗe da rasuwa, dalilin shiru ya ƙare. Ina kira ga dattawan unguwar da su tara mutane su janye wannan laƙabi a bainar jama'a, kamar yadda aka liƙa shi a bainar jama'a. Jikokinsa 'yan gidan Na'Allah ne. Haka za a kira su.

Darasi: Wanda ya ƙaryata mai cetonsa don gudun kunya, ya ɗaure hannun duk wanda zai cece shi gobe. Kuma kada ka yanke wa mutum hukunci kafin ka duba da idonka, domin sunan da ka liƙa masa a yini ɗaya jikokinsa za su gada. Ku tura wannan labari gaba har ya isa kunnen masu kiran sunan nan.