Gidan da Ba a Cin Kurciya

"Malam, ana iya gano gidan mutumin da ko sunansa ba a riƙe ba?"

Hansai tana wanke-wanke a bayan zaure ta ji wani tafinta, mai fassara wa baƙo, ya yi wa surukinta, Malam Barmo, wannan tambaya. Baƙo ne ya sauka a gidan, wani dattijo baƙar fata daga Amurka, ana ce masa Amos. Kakan kakanninsa, wanda aka kama a ƙasar nan aka sayar, yana cikin mutanen da suka fara sare daji suka kafa garinsu a can Amurka. Abin da ya rage wa zuriyar sai tsagen fuskarsa, don tsofaffinsu kan zana wa yara shi da gawayi kada a manta. Amos ya tsufa, yana so ya taka ƙofar gidan da aka haifi kakan nan kafin ya kwanta dama.

Malam Barmo ya kira abokansa uku.

Sodangi wanzami ya sa aka zana tsagen a ƙasa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce askar mutanen Tungar Gawo ce ta dauri, tuni aka daina ta, a hannun kakansa ya gan ta. Aka samu gari.

Gagare maroƙi kuwa ya bi kirarin gidajen garin ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan biyu da ake ambaton ɗan da mahara suka tafi da shi: gidan Maƙera da gidan Sarkin Noma. Nan saninsa ya tsaya, kowane gida kuma ya rantse nasa ne.

Ranar ce Hansai ta yi wa baƙon farfesun kurciya. Kwano ya dawo ba a taɓa naman ba. Tafinta ya ba da haƙuri, wai zuriyarsu ba sa ci, su kansu ba su san dalili ba. Washegari da Jatau maharbi, na ukun abokan, ya kawo wasu kurciyoyin, sai ta ce daga bayan ƙyaure, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, a bar su. Baƙon ba ya ci, wai gadonsu ne."

Jatau ya yi turus. Tun yana saurayi yake kai kurciya Tungar Gawo, gida ɗaya ne ke korarsa don ba sa ci, gidan Maƙera. Shi ya ja Amos har can, wata tsohuwa ta riƙe hannun baƙon tana kuka.

Ana haka aka aiko an haifa wa Amos jika namiji. Ya ce sunan wanda ya gano masa gida za a sa.

"Ba don askata ba, da yanzu kuna Barno kuna lalube," in ji Sodangi.

"Kai dai yi aski, ka bar magana ga masu ita," in ji Gagare. "Gari ka nuna, ni na kira gida."

"Biyu ka kira, sarkin baki!" in ji Jatau. "Uwa biyu ke haihuwar mutum?"

Hansai tana jin su tana tankaɗe. Ba wanda ya tuna da kwanon. Mijinta ya tambaye ta murmushin me take yi, ta ce ba komai. Jaririn namiji ne, ita kuma ba ta buɗe baki a gaban suruki. Ta bar wa cikinta.

To, ku da kuka ji abin da zaure bai ji ba, wa ya gano gidan Amos, sunan wa kuma ya cancanci a raɗa wa yaron?