Hoton Kurege a Kan Suri

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in ta yi daɗi mu ƙara itace.

A zamanin da daji yake daji, tun ba a sare ɗorawar bayan gari ba, an yi wani mai hoto, Jatau. Ku yaran yanzu ba ku san hoto ba, latsa waya kuka sani. Na Jatau akwati ne mai ƙafa uku, ya lulluɓe kansa da baƙin zane, ya ce kar a motsa. Allah sarki.

To, aka sa gasar hoton namun daji a birni. Jatau ya saɓi akwatinsa ya nufi wani suri inda dangin tunku ke zaune. Da hantsi sai su fito su jeru a kan ƙafa biyu suna shan rana, shi kuma yana watsa musu gyaɗa, har suka saba da shi.

Kurege na gefe, yawu na zuba. Gyaɗar yana so, amma abin da ya fi ci masa rai shi ne a ga fuskarsa a birni. Sai ya tsoma jelar nan tasa buzu-buzu a laka, ta sirance kamar ta tunku, ya tafi wajen tsohuwar gidan tunkunan.

"Iya, ba ki gane ni ba? Jikan ƙanwarki ne."

"Ƙanwata ta haifi masu kumatu haka?"

"Ƙoshi ne, Iya."

Al'adar tunku kuwa, in suna kiwo ɗaya ke hawa ƙololuwar suri yana gadi saboda shaho. Kurege ya lura mai gadi ya fi kowa tsawo, shi zai fi fita a hoto. Ya ce a ba shi gadi.

Iya ta ce, "Ɗan nan, mai gadi ba ya ci, ba ya kallon ƙasa. Sama kawai."

"Haba Iya, ai gidanmu da gadi aka san mu."

Ya cika kumatu da gyaɗa a ɓoye, ya hau. Jatau ya shiga zanensa ya ce, "Kar a motsa." Gogan naku ya shafa gashin baki, ya turo ƙirji, ya ƙura wa akwati ido. Sama kuwa, ko oho.

Sai ji ya yi caraf an sure shi ta jela. Shaho ne. Kurege ya ga ƙasa na nisa, ido ya raina fata. Ya tofar da gyaɗar yana ji yana gani, ya ce, "Ranka ya daɗe, hoto ake ɗauka, birni za a kai. Irin faratan nan naka a ce an dunƙule su? Buɗe su a gani."

Shaho ma ɗan son a yaba ne. Ya buɗe. Kurege ya faɗo tim, ya auka rami. A daidai nan akwatin Jatau ya ce ƙyas.

Hoton nan shi ya ci gasa. Jatau ya dawo da shi har daji, aka taru. Ga tunkuna a jere baki buɗe, ga Shaho ya baje farata kamar mai nuna lalle. Kurege ya duba, ya sake dubawa. Iya ta ɗora yatsa a kusurwa, ta ce, "Ga jikana nan." Ƙafafun baya ne kawai da jela mai laka, suna shigewa rami.

Kurege ya ce, "Ai ban shirya ba. A sake."

Jatau ya ce in Allah ya kai mu baɗi. Bai dawo ba, rai ya yi halinsa. Surin ma hanyar mota ta bi ta kansa, tunkuna suka yi ƙaura. Amma har gobe, in kuka ga kurege tsaye a bakin hanya a kan ƙafa biyu, ya ƙura muku ido ko motsi ba ya yi, Jatau yake jira.

Ƙurunƙus kan jela mai laka. Wanda zai tsaya a ɗauke shi hoto, ya fara haɗiye gyaɗarsa.