Mutumin da Ya Goge Muryar Matarsa

Akwai wani mutum, tsohon malamin makaranta, yana zaune shi kaɗai a gidansa. Matarsa Rifkatu ta rasu shekara uku da suka wuce, 'ya'yansa kuma duk sun tafi birni. Abin da ya rage masa shi ne tsohuwar kwamfuta a kan tebur.

A cikin kwamfutar nan akwai waƙa guda ɗaya. Rifkatu ce ke ba da waƙa a zumuntar matan coci, kuma wata ranar bikin godiya aka ɗauki muryarta tana rerawa, mata suna amsawa, ana kaɗa tulu. Kullum da yamma idan ya gama cin tuwonsa, sai ya kunna. Akwai inda ta yi tari a tsakiya ta yi dariya, nan ya fi so.

To amma ba waƙar kaɗai ke ciki ba. Mutumin yana rigimar iyakar gona da ƙaninsa Istifanus, shekara bakwai ba sa ga maciji. Duk abin da ya shafi rigimar ya tara shi: hoton dutsen iyaka ta gabas, hotonsa ta yamma, hoton kunyar gonar da aka ci masa, bidiyon zaman sulhun da aka tashi baram-baram, har muryar Istifanus yana faɗa masa baƙar magana. Komai da ranarsa da watansa, kun san halin malamai.

Ana nan sai kwamfuta ta cika. Ka danna abu, sai ka je ka sha ruwa ka dawo bai buɗe ba. Ya ɗauke ta ya kai wa wata mai gyara a bakin kasuwa.

Ta duba ta ce, "Baba, wannan ai ta ƙoshi har wuya, ga kuma ƙwayar cuta. Sai dai a yi mata fomat."

Ya ce, "Mene ne kuma fomat, 'yata?"

Ta ce, "A share komai, ta koma kamar sabuwa. Ga filashi na ajiyar bayanai, kwashe abin da kake so a ciki tukuna. Amma ƙarami ne fa, ba zai ɗauki duka ba. Ka zaɓa."

Ya zauna a benci ya sa tabarau. Yana buɗe hoton dutsen iyaka sai ransa ya ɓaci kamar yau abin ya faru. Ya ce a ransa, idan waɗannan suka ɓace, da me zan nuna ni ne mai gaskiya? Ya kwasa, ya kwasa, har filashi ya cika.

Mai gyara ta ce, "Baba, ka tabbata ka gama? Idan na danna, ko kuka ka yi ba ya dawowa."

Ya ce, "Danna. Abin da ya fi muhimmanci yana aljihuna."

Ta danna, ta zuba sababbin kayan aiki a kai.

Da yamma ya ci tuwonsa, ya wanke hannu, ya buɗe kwamfuta. Ga ta tana gudu, ga wuri fal. Ya nemi waƙar, babu. Ya soka filashi ya bi fayil ɗaya bayan ɗaya. Dutse. Dutse. Kunya. Ya ga wani fayil na murya, ya danna, sai muryar Istifanus ta cika ɗakin tana zaginsa.

Washegari ya koma kasuwa. Mai gyara ta gwada iya ƙoƙarinta, ta girgiza kai. Ta ce, "Baba, babu wanda ke da irinta? Wa ya ɗauka tun farko?"

Sai ya tuna. Matar Istifanus ce ta ɗauka da wayarta, don ita ke tsaye kusa da Rifkatu ranar. Ya koma gida ya zauna gaban kwamfutar da babu komai a cikinta, filashi a hannunsa.

Ma'anar wannan misali ita ce, kwamfutar nan zuciyarka ce, kuma ba ta da wurin ɗaukar komai da komai. Kullum kana zaɓa, ko ka sani ko ba ka sani ba. Waƙar ita ce alherin da Ubangiji ya yi maka ta hannun mutane. Hotunan dutse kuwa laifuffukan da aka yi maka ne, waɗanda kake ta adanawa don wata rana ka nuna kai ne mai gaskiya. Mutumin nan bai ƙi matarsa ba fa. Yana ƙaunarta. Fushi ne kawai ya riga shiga filashi, wuri ya ƙare.

Mu ma haka muke. Wata a nan tana iya faɗin ranar da ƙawarta ta yi mata dariya a ƙungiyar mawaƙan coci, har kalar rigar da ta sa, amma ta manta wa ya raka ta asibiti. Ni ma ina da tawa, ba sai na faɗa ba. Yesu ya share namu laifin gaba ɗaya, bai ɓoye ko guda a aljihu ba, to mu don me muke riƙe na wasu?

Kuma ku lura, waƙar ba ta ɓace a duniya ba. Tana gidan da ya rantse ba zai taka ba, gida huɗu ne kawai tsakaninsu. Kafin ya sake jin muryar Rifkatu, sai ya ajiye filashin nan, ya sa takalmi, ya je ya yi sallama a ƙofar ƙaninsa.